Ranakun da Ba a Ga Wata Ba

Cape Town, 12 ga Yuli

Zuwa ga Kakana, Malam Bappayo na Jekadafari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Goggo Batul da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Goggo ta ce har yanzu da ita kake hawa tudu duk ƙarshen wata don duban jinjirin wata, kuma in an yi magana sai ka ce ƙafarka ce ba ta wani ba. Ni lafiyata lau, sanyi ne kawai ya sa mu gaba. Nan yanzu ruwa ake da iska, har barci nake yi da safa.

Ka aiko Goggo ta tambaye ni wai shekara huɗu me nake ƙirgawa da bai ƙare ba. To zauna ka ji. Akwai wasu taurari da in ajalinsu ya zo sai su fashe, kuma kusan da haske iri ɗaya suke fashewa, kamar fitilun da aka saya a shago ɗaya. In ka hangi ɗaya ta dushe, ka san nesa take. Da su muke auna nisan sama. Taurari garke-garke suke, kuma masana sun daɗe da gane cewa garkunan nan nesanta suke yi da juna, gudun kuma ƙaruwa yake yi. Wani abu ne yake kora su, ba a ganinsa, ba a san ko mene ne ba. Ni ɓoyayyen ƙarfi nake ce masa.

Taurari dubu ɗaya da ɗari biyu da sha bakwai ke hannuna, waɗanda wani madubin hangen nesa da ke kan dutse ya ɗauko cikin shekara biyar. Wasunsu tun kafin a yi duniyarmu haskensu ya kamo hanya, sai yanzu ya iso. Wani lokaci nakan daina aiki in yi ta kallon ɗigon ɗaya, ina tunanin irin tafiyar da ya yi shi kaɗai.

Kaka, lissafina ya nuna ƙarfin nan yana raguwa. Kamar ya fara gajiya. Na maimaita ya fi sau ashirin, amsar ɗaya ce, kuma in dace ne kawai, sau ɗaya cikin dubu zai fito haka. Farfesa, malamar da ke duba aikina, sai da ta miƙe tsaye da ta gani. A watan Nuwamba zan tsaya gaban malamai in kare shi. In ya tsaya, digirina ya kammala, kuma wata cibiyar bincike ta ce kujera tana jirana saboda shi. Murna nake yi, tsoro kuma nake ji. Ka sa ni a addu'a.

Jikarka,
Najeeba

Jekadafari, Gombe, 4 ga Safar

Zuwa ga amaryata mai ƙirgen taurari,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya muke, jam tan. Ƙafa tana nan inda Allah ya ajiye ta, ki gaya wa Batul ta daina kai ƙarata ƙasashen waje. Damina ta yi kyau, masarar Iro maƙwabcina har ta fi ni tsawo. Tun rasuwar 'yar'uwata Khadijatu, kakarki, ke kaɗai kika rage a dangin nan mai rubuto mini takarda, Allah ya yi miki albarka.

Sau uku na sa Batul ta karanta mini takardarki. Ba wai ban iya karatu ba ne, rubutun wayar nan ne ƙanana kamar tururuwa. Ikon Allah! Garke yana tafiya ba a ga makiyayi ba! Ranar kasa cin tuwo na yi. Na zauna a tsakar gida bayan magariba ina kallon sama, sai na ga kamar wani makeken daji ne da shanu farare suka bazu a ciki, kowace ta sa kai gabanta, ba wadda ke waiwayen 'yar'uwarta. Har na ji tausayinsu.

Yanzu ke ma zauna ki ji nawa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina duban wata, tun ina mai awon auduga. Duk ranar ashirin da tara, bayan la'asar, in ɗauki buta da buzu in nufi tudun nan na wajen Kagarawal. Matata marigayiya Asta takan cika mini fulas da shayi ta ce, «A gaida shi in ya fito.» A can nake sallar magariba. In na gan shi sai in miƙa hannu in auna yatsa nawa ne tsakaninsa da ƙasa, in dawo gida in rubuta rana da lokaci da yatsu. Littafi uku na cika, ina kan na huɗu.

A da, wallahi, a yatsa uku nake kama shi, siriri kamar farcen jariri. Amma yau wajen shekara goma sha biyar ke nan, watan ya canza hali. Ba ya bayyana sai ya kai yatsa bakwai ko takwas, ya yi kauri. Siraran nan sun ɓace. Na faɗa wa limaminmu, ya yi mini murmushin da ake yi wa tsofaffi. Tun bara ma ba ya aikowa a tambaye ni, samari masu duba waya yake tambaya. Ni da maganata take fita daga masallacin nan ta wuce gaba ba a sake bincike! Abin ya yi mini ciwo, ban dai faɗa wa kowa ba.

Sai ga takardarki. Ashe ba ni kaɗai ba ne na ga sama ta gaji! Kin gani daga can da madubinki, na gani daga nan da idona. Na sa Batul ta ɗauki hoton littattafan duka, shafi-shafi, tana yi tana mita. Ki zuba su a kwamfutarki, ki rubuto mini takarda mai hatimi in kai wa liman ya karanta da bakinsa.

Mijinki na Gombe,
Bappayo

Cape Town, 20 ga Agusta

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, ina tsakiyar rubuta babi na ƙarshe ne, Farfesa kuma tana kaina.

Na ga littattafan. Rubutunka na shekarun farko ya yi kyau har na tsaya ina kallo. Kwana biyu na yi ina shigar da su, kuma gaskiyarka ne, yatsun suna ƙaruwa shekara bayan shekara. Amma Kaka, tafiyar wata an san ta sarai, ana iya lissafa inda yake a kowace magariba tun daga ranar da ka fara. Na gwada, bai canza ba ko kaɗan. Siraran suna nan suna fitowa kamar da.

Littafinka bai faɗi gaskiya duka ba. Ba za a iya dogara da shaidar da ke cikinsa a lissafi ba, domin ranakun da ka gani kawai ka rubuta. Ina ranakun da ka hau ka duba ba ka gani ba? Babu ko ɗaya. Don haka ba zan iya rubuta wa liman abin da ka nema ba. Abin da na gano da abin da ka gani ba hanyarsu ɗaya ba. Don Allah ka bari Goggo ta kai ka wajen likitan ido.

Zan rubuto doguwa in na samu kaina.

Najeeba

Cape Town, 27 ga Satumba

Kakana,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau kwana talatin da takwas ban ji daga gare ka ba. Na kira Goggo, ta ce kana nan lafiya, kana cin abinci, amma in ta ambaci sunana sai ka tambaye ta ko an ba awaki dusa.

Na koma na karanta takardata ta baya, sai da na rufe fuska don kunya. Da gaggawa na rubuta ta, kamar ina gyara aikin ɗalibi. Wallahi ban ce ka yi ƙarya ba. Duk abin da ka rubuta ka gan shi, na sani. Abin da ba a rubuta ba nake nufi.

Ina ƙarama, da aka kawo ni Gombe hutu, kai ne ka ɗora ni a wuya a kan tudun nan ka ce in bi yatsanka da ido. Ban ga komai ba sai jan sama, sannan kwatsam ga shi, kamar wani ya ja shi da alli a lokacin. Daga ranar na kamo hanyar da ta kawo ni nan. In ka yi fushi da ni, ban san wa zan riƙa ba labarin taurarina ba. Ka yafe mini.

Jikarka marar kunya,
Najeeba

Jekadafari, Gombe, 16 ga Rabi'us Sani

Najeeba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwa ya fara ɗaukewa, ana yankan gero.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Mai duban wata ba shi da komai sai maganarsa. Mutane su ɗauki azumi da ita, su ajiye da ita. Sai ga 'yar da na goya a wuya ta rubuto daga bakin teku wai ba a dogara da shaidata. Haba! Da Batul ta kai layin nan cewa na yi ta tsaya, ban ma saurari sauran ba. Wata guda na yi ina shirya miki amsa a raina, kowace ta fi ta jiya zafi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune ina faɗa ni kaɗai, na ce, «Wai ina ranakun da ban gani ba! Yo wa yake rubuta abin da bai gani ba?»

Batul tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, «Inna ta rubuta.»

Na ce, «Wace Innar? Asta da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko?»

Ta karkaɗe hannunta ta shiga ɗakin uwarta, ta jawo adakar nan ta katako da Asta ta zo da ita gidan nan. Shekara biyu da rasuwarta ban yarda an buɗe ta ba. Ta ɗaga murfin ta juyo da shi wajen haske. Ƙamshin turaren Asta ne ya fara fitowa.

Najeeba, cikin murfin duk layuka ne na gawayi, ƙanana, jeri-jeri. Kowace shekara da jerinta. Batul ta ce duk ranar da na dawo daga tudu ban gani ba, Asta takan gane tun daga yadda na ajiye buta. Sai ta dama mini kunun gyaɗa, in na fita sallar isha ta shiga ta ja layi ɗaya. Na ce to ai akwai ranakun hadari. Batul ta ce, «Inna ta ce ranar hadari ba a sawa, wannan ba laifin ido ba ne.» Kin ji mace!

Na durƙusa na sa fuskata dab da murfin. Jerin sama, na shekarun ƙuruciya, layi biyu ne, uku, wata shekarar ɗaya. Ina gangarowa suna tsawo. Biyar, shida, takwas. Na ƙarshe, shekarar da ta kwanta ciwo, sai da ya kai bakin katako. Ashe siraran suna fitowa, ni ne nake tsaye a gabansu ban gan su ba. In dawo washegari in tarar da shi ya yi kauri, in rubuta wannan, in ce wata ya canza hali.

Sama da shekara goma matar nan ta san idona yana tafiya. Ba ta taɓa faɗa ba. Fulas kawai take cikawa ta ce a gaida shi in ya fito. Na yi kuka, Najeeba, a gaban 'yata, ban ji kunya ba. Ni da na yi shekara talatin ina gwada sikeli kowace safiya kafin in ɗora auduga a kai, ban taɓa gwada idona ba.

Na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Batul ta ɗauki hoton murfin, ga shi nan. An ba mu rana wajen likita.

Amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat, ki yi haƙuri da tsoho. Madubin nan naku na kan dutse, shi ba ya tsufa ne? Ranakun da ya duba bai gani ba, wa yake ja masa layi?

Kakanki,
Bappayo

Cape Town, 2 ga Nuwamba

Kakana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Goggo. Allah ya jiƙan Inna Asta, ya haskaka makwancinta. Hoton murfin yana manne a bangon da ke gaban teburina.

Da na karanta tambayarka dariya na fara yi. Na ce a raina ai mun san wannan, tun a ajin farko ake koya mana cewa taurarin nesa masu rauni sukan kuɓuce wa madubi, masu haske ne kawai ke shiga littafi, kuma na yi gyaran haka a lissafina. Na tashi na ɗora shayi. Ruwan bai tafasa ba sai wani abu ya faɗo mini a rai. Gyaran da na yi, na yi shi ne a kan cewa idon madubin ɗaya ne daga shekarar farko har ta biyar. Ban taɓa dubawa ba.

Akwai wani kundi da masu kula da madubin suke ajiyewa, na lokutan da aka duba wani yanki na sama ba a samu komai ba. Ba wanda yake buɗe shi, don ba taurari a ciki. Na buɗe. Kaka, murfin adakar Inna ne sak. A shekara uku na farko kaɗan ne, a biyun ƙarshe jerin ya yi tsawo. Fuskar madubin ta dushe a hankali kafin a sake wanke ta, raunanan taurarin nesa suka riƙa wucewa ba a kama su ba.

Kwana tara na yi ina sake lissafin. Gajiyar da na ce na gano ta narke. Daga sau ɗaya cikin dubu ta koma abin da dace kawai zai iya kawowa sau ɗaya cikin shida ko bakwai, wanda ba a kafa magana a kansa. Ban ce ƙarfin ba ya raguwa ba, wasu masana da kayan aikin da suka fi nawa suna nan suna bincike. Taurarina ne dai ba su isa shaida ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi yini guda da tunanin in rufe kundin in yi shiru. Saura mako uku, kuma ba lallai wani ya lura ba. Na fita na zauna a bakin teku. Duk inda na juya, Inna nake gani tana tsallake ranar hadari don kada ta ɗora wa idonka abin da ba nasa ba. Washegari na kai wa Farfesa. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta cire tabarau ta ce to, mu sake rubuta babin.

Na sanar da cibiyar nan, sun amsa da ladabi cewa za su sake duba maganar kujerar. Na san ma'anar haka. Zuciyata ta yi nauyi, shekara huɗu ba wasa ba ce. Zan dai tsaya gaban malamai ranar ashirin da huɗu da abin da ya rage, kuma na sa sunan Inna Asta a shafin farko.

Jikarka,
Najeeba

Jekadafari, Gombe, 1 ga Jimada Sani

Amaryata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, za a cire ta dama bayan wata biyu, ta hagu daga baya. Ya tambaye ni tun yaushe na fara gani dishi-dishi, na ce ya tambayi adaka. Bai gane ba, Batul ta yi ta dariya.

Na yi baƙin cikin kujerarki, har na ce da na sani da na riƙe tambayata a ciki. Batul ta ce in daina, wai ba irin tarbiyyar da na yi miki ba ke nan. Jibi za ki tsaya gaban malamanki. Ki tsaya da kyau, ki faɗa musu abin da kika gani da abin da ba ki gani ba. Garken nan na sama ba yau za su ɓace ba, za ki sake bin sawunsu.

Na je wajen liman da kaina na ce ya cire ni daga masu ba da shaida sai an gyara idon. Wannan karon bai yi murmushin nan ba, tashi ya yi ya raka ni har bakin titi.

Jiya ashirin da tara ce. Na hau tudun, Batul ta biyo ni da fulas. Sama ta yi wasai, ba ko ɗigon girgije, yamma ta yi ja kamar yadda take yi tun ina saurayi. Muna idar da salla Batul ta ce, «Baba, ga shi can, siriri!» Na bi yatsanta da ido, na daɗe ina bi. Na ce mata ta gaida shi.

Da muka dawo na ajiye buta, na ɗauko littafi na huɗu. Ga abin da na sa, na kwafo miki da hannuna:

29 ga Jimada Ula. Sama garau. Batul ta gani a yatsa huɗu. Ni na duba, ban gani ba.

Sannan na shiga ɗakin Asta da guntun gawayi. Jerinta na ƙarshe ya cika, sai na fara sabo a ƙarƙashinsa.

Kakanki,
Bappayo